Mazubin sushi na manyan kantunan Japan: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Duk wanda ya shiga babban kanti a Japan da hantsi, Aeon ne ko Ito-Yokado ko ɗan kantin unguwa, zai tarar da kantar sanyi cike da faranta baƙaƙe da masu zanen zinariya, kowanne da murfi garau, sushi a jere a ciki. Shinkafa ce da aka haɗa da ruwan kal da sikari da gishiri, a dunƙula a ɗora mata yankan kifi, wannan shi ne nigiri, ko a naɗe ta cikin busasshiyar ciyawar teku da ake kira nori a yayyanka, wannan kuma maki. Mazubin da ake zuba su a ciki, wanda ake jefarwa da zarar an cinye, shi muka sa a gaba.

Aikinsa na 'yan awoyi ne, daga ɗakin girkin da ke bayan kanti zuwa teburin mai saye, kuma abu uku ake nema a wurinsa: ya nuna abincin da kyau, ya riƙe shi kada ya motsa, ya kare shi daga hannu da ƙura da bushewa. A kan kantar sanyi ya cika ukun nan ba tare da wata tangarɗa ba. A cikin jakar mai saye yana yin rabi ya bar rabi. Bayan an ci kuwa, farantin kansa yana da mafita a Japan, amma 'yan tarkacen da ke tare da shi ba su da ita, kuma nan ne babban aibinsa.

Mazubi ɗaya na nigiri 10 yakan kai santimita 22 zuwa 25 a tsawo, faɗinsa wajen 12 zuwa 15. Idan aka warware shi za a sami gindi, da murfi, da koren ganyen roba, da ledar shoyu (ruwan waken soya mai gishiri) ko 'yar kwalbarsa, da ledar wasabi (koren yaji mai hawa hanci), da ledar citta mai tsami, da takardar bayani, wani lokaci har da salatif a gefe. Guda bakwai ko takwas ke nan, kuma ba daga roba iri ɗaya aka yi su ba.

Gindin da aka fi gani na polistirin ne da aka hura masa iska ya zama soso, dangin farar robar nan da ake zuba shinkafa a gidajen abinci, wadda jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024. Mafi yawan jikinsa iska ce, shi ya sa nauyinsa bai wuce 'yan giram-giram ba. Wannan iskar tana da amfani guda biyu da ba a cika lura da su ba. Na farko, ba ta barin zafin hannu ko zafin kujerar mota ya ratsa zuwa shinkafa da wuri. Na biyu, sanyin ƙarfen kanta ba ya bugun ƙasan shinkafar kai tsaye, don haka ba ta saurin taurarewa daga ƙasa. Gindin roba mai tauri, na PET (robar gorar ruwa) ko na polistirin da ba a hura ba, ba shi da wannan kariyar, kuma ana jin bambancin a baki idan mazubin ya daɗe a kan kanta. Manyan faranta masu da'ira na biki, masu ɗaukar guda 40 ko 50, su ne aka fi yi da roba mai tauri, domin soso mai faɗi haka yana lanƙwashewa a tsakiya idan an ɗaga shi da hannu ɗaya.

Launin ba a jikin soson yake ba. Siririyar leda ce da aka buga wa zane aka manne a samansa, wani zanen na katako, wani baƙi mai ɗigon zinariya, wani ja irin na kwanukan gargajiya masu sheƙi. Baƙin yana da dalili: farar shinkafa da jan kifin tuna da ruwan lemon kifin salmon sun fi fitowa a kansa, kuma idan ruwan kifi ya tsatso ba ya nunawa. Wannan na ƙarshen riba ce ga mai kanti, asara ce ga mai saye, domin jan ruwan da ya taru a kusurwa yana daga cikin alamomin da ke nuna an narkar da kifin da gaggawa ko ya daɗe. A baƙin gindi sai an karkata mazubin a ƙarƙashin fitila kafin a ga sheƙin ruwan. Ledar zanen tana da wani amfanin kuma: santsinta ne ke hana shinkafa mannewa, har a ɗaga nigiri da tsinke ba tare da rabinsa ya zauna a faranti ba.

Abin da ya raba gindi mai kyau da na banza shi ne siffar cikinsa. Nigirin kanti na'ura ce ke dunƙula shi, irin wadda kamfanin Suzumo ya fara fitarwa a 1981, kowane dunƙule wajen giram 18 zuwa 20, girmansu ɗaya. Saboda haka masu yin mazubi suna iya ware wa kowane dunƙule gurbinsa. Gindi mai kyau yana da 'yan tudu-tudu masu tsayin milimita kaɗan tsakanin gurbi da gurbi, kuma layin baya ya ɗan fi na gaba tudu, yadda mai tsaye a gaban kanta zai ga fuskar kowane kifi. Ana jera su a karkace, jelar wannan ta ɗan hau kan wancan. Idan tudun ya kai yadda ake so, a karkata mazubin kaɗan babu abin da zai motsa. Idan gindin shafaffe ne, santsin da ya hana mannewa shi ne kuma zai sa duka goman su zame su taru a gefe ɗaya, kifi ya rabu da shinkafa, ƙwan kifi ya watse a kan nigirin ƙwai. Tudun da ya yi tsayi da yawa ma matsala ne ga ma'aikaciyar da ke jerawa, domin dunƙulen da bai faɗa gurbinsa daidai ba yana hawa kan tudun ya tsage a ƙasa. Kuma gindin da aka yi wa gurbi 10 ba ya karɓar maki mai kauri, don haka kantin da ke sayar da iri-iri dole ya ajiye mazubi kala-kala a sito.

Murfin ya fi komai muhimmanci, kuma a nan ne ya kamata mai sayen mazubi ya kashe kuɗinsa. Iri biyu ne suka mamaye kasuwa. Akwai na polistirin da aka ja shi ta fuska biyu ya yi siriri da tauri, ana kiransa OPS, akwai kuma na PET, robar da ake yin gorar ruwa da ita. Kaurinsu duka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba ko kusa da haka. Ana gane su da hannu: OPS yana ƙara ƙaras-ƙaras idan an matsa shi, idan an lanƙwasa kuma ya tsage, bakin tsagar yana iya yankar yatsa. PET ya fi laushi, yana lanƙwashewa ya yi fari a wurin ba tare da ya fashe ba. OPS ya fi sauƙin nauyi, ya fi tsayawa ƙyam, ya fi jure zafi, har wajen digiri 80, alhali PET na yau da kullum yana fara sakin jiki tun daga wajen digiri 60. Ga sushi zafin ba shi ne abin damuwa ba. Mai shi ne abin damuwa. OPS ba ya shiri da wasu mayuka, musamman irin da ake zubawa a shinkafar masana'anta don kada ta manne wa na'ura, da kuma mayonis da man soyayyen jatan lande da ake sawa a wasu maki. Inda man ya taɓa murfin a wurin da yake a matse, sai 'yan tsage-tsage su bayyana, kuma ɓallin roba garau a cikin shinkafa ba ya ganuwa. Wannan dalilin kaɗai ya isa a fifita PET ga duk sushin da ke da mai a samansa. Kamfanin FP, wanda ya fi kowa yin irin waɗannan faranta a Japan, yana yin murfin PET da aka ja ta fuska biyu, domin ya haɗa taurin wancan da juriyar wannan.

Ta ciki, ana shafa wa murfin wani sinadari da aka amince ya taɓa abinci, wanda ke hana gumi taruwa ɗigo-ɗigo. Ruwan yana nan, amma yana bajewa ya zama shimfiɗa ɗaya siririya da ido ke ratsawa. Shafin yana da iyaka. Idan aka rufe murfi a kan shinkafar da ba ta gama hucewa ba aka tura ta kantar sanyi, tururin ya fi ƙarfinsa, ruwan ya taru a tsakiyar rufin ya ɗiga a kan kifi, wurin da ya ɗiga ya kode ya yi fari-fari. Idan ma'aikaci ya goge cikin murfin da tsumma don ya yi tsabta, ya goge shafin ke nan. Murafen da suka daɗe a sito mai zafi kuma suna mannewa da juna, a ciro ɗaya biyu su biyo, shafin ya yi dabbare-dabbare. Ga mai saye, murfi mai manyan ɗigon ruwa saƙo ne: ko an rufe da ɗumi, ko an fitar da mazubin daga sanyi an dawo da shi.

Sai yadda murfin ke kama gindi. Wani yana rufowa ta waje, bakinsa ya sauko ya kama leɓen gindin da 'yan ƙugiyoyi a kusurwa huɗu. Wani yana shiga ta ciki ya zauna a cikin rami da aka zagaye gindin da shi. Na wajen ya fi saurin rufewa, abin da ke da muhimmanci a ɗakin girkin da ake cika ɗaruruwan mazubai kafin azahar, amma ruwa yana bin leɓen ya fita, kuma idan aka ɗauki mazubin ta murfi gindin yana iya suɓucewa. Shi ya sa ake ƙara masa salatif ko a naɗo takardar bayani daga sama zuwa ƙasa ta riƙe su. Na cikin ya fi riƙe ruwa kuma ba ya buƙatar salatif, sai dai buɗe shi yana son hannu biyu, kuma idan babu ɗan kunne a kusurwa da za a ja, mutum yakan fizga da ƙarfi sushin ya yi tsalle. Tsofaffi, waɗanda suna da yawa cikin masu sayen sushin kanti a Japan, su wannan ya fi wahalarwa. Murfin da ya dace shi ne wanda ake jin ƙarar kamawarsa a kusurwa huɗu, yana da kunne mai faɗin da babban yatsa zai kama, kuma a ɗaga shi ta murfin da abincin a ciki bai saki ba.

Tsayin murfin ma lissafi ne. Nigiri yana kai wajen santimita 3, amma gunkan, wanda aka zagaye da nori aka tula masa ƙwan kifi, ya fi haka. Idan rufin ya taɓa saman abincin, ƙwan yana fashewa, mayonis ya shafe murfin, kifin ya bi murfin idan an buɗe. Idan rufin ya yi nisa da yawa, iskar da ke ciki tana busar da fuskar kifin, kuma abincin ya sami filin juyawa. Tazarar milimita 5 zuwa 10 ta wadatar. A saman murfin kuma ana son ɗan kwarmi da ƙafar mazubin sama za ta zauna a ciki, domin ana ɗora su biyu ko uku a kanta. Murfin da aka rage wa kauri don tsimin roba yana lotsawa a tsakiya, na ƙasa ya danne.

Akwai abin da babu mazubin da zai iya gyarawa, kuma bai kamata a ɗora masa laifin ba. Kifi yana son sanyi, shinkafa ba ta so. Dokar Japan ta ce a ajiye ɗanyen kifin ci a digiri 10 ko ƙasa, kuma ƙasa da 4 ya fi aminci saboda ƙwayar cutar Vibrio da ke yaɗuwa da sauri a lokacin zafi. Sitacin dafaffiyar shinkafa kuwa a tsakanin digiri 0 zuwa 4 ya fi saurin komawa tauri, kamar yadda tuwon da ya kwana ke ƙanƙancewa ya tsattsage. Shi ya sa ƙananan kantunan da ba sa rufewa dare da rana, konbini, ke jigilar dunƙulen shinkafarsu a wajen digiri 20. Sushin da aka yi a bayan kanti yana tsira ne saboda gajeren wa'adinsa: takardar tana ɗauke da rana da awa, kuma da yamma ma'aikaci ya bi da takardun rangwame, kashi 20, sai 30, sai rabin kuɗi. Sushin masana'anta da ake sayarwa a Birtaniya yana yin kwana biyu ko uku a firij, shi ya sa ya fi yawan dafaffen jatan lande da kyafaffen salmon, shinkafarsa kuma ta fi zaƙi da danƙo. Ruwan kal yana ƙara wa shinkafa tsami har ta sauka ƙasa da 4.6 a ma'aunin pH, wanda ke hana ƙwayar Bacillus cereus yaɗuwa, amma wannan kariyar ta shinkafa ce, ba ta kai ga kifin ba. Tsutsar Anisakis ma ruwan kal da wasabi ba sa kashe ta, sai daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla awa 24, ko dafuwa. Murfin yana hana yatsa da tari da ƙuda, iyakarsa ke nan.

Nori shi ma yana shan wahala a rufaffen mazubi. Yana zuƙar damshi daga shinkafa da daga iskar ciki, cikin ƙasa da awa ɗaya ya bar ƙarau ya koma laushi, daga baya ya yi danƙon da haƙori ke ja. Maganin da ke aiki shi ne na naɗin da ake sayarwa ɗaya-ɗaya, inda nori ke cikin leda mai ninki biyu, ba ya taɓa shinkafa sai mai ci ya ja lamba 1 da 2 da 3. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma ƙarin leda ce, kuma ba ta yiwuwa ga maki da aka riga aka yanka.

Koren ganyen roba mai haƙora, baran, gado ne daga lokacin da masu sushi ke yanka ganyen wata shuka da ake kira haran ko na gora su raba kifi da kifi. Na roba yana hana ɗanɗanon citta ko miyar kifin unagi ratsawa zuwa maƙwabcinsa, kuma yana ƙara kore a ido. Gindin da ke da gurbin citta na daban ya riga ya yi wannan aikin, don haka a irinsa ganyen ado ne kawai, kuma ado ne da babu mai tsince shi don sake sarrafawa. A ganinmu cire shi ya fi.

'Yar kwalbar shoyu mai siffar kifi da jan murfi, wadda kamfanin Asahi Sogyo ya fito da ita a shekarun 1950, a wajen aiki ba ta da na biyu. Ana ɗiga shoyu ɗigo-ɗigo a kan kifin ba tare da an jiƙa shinkafar ba, a mayar da murfin. Leda kuwa ana yaga ta ne ta fesa, kuma da jiƙaƙƙen hannu ba ta yaguwa. Amma kwalbar ta yi ƙanƙantar da na'urar tace shara ba ta kama ta, murfinta ya fi ta ƙanƙanta, robarta kuma ta fi ta leda kauri nesa ba kusa ba, duk don 'yan mililita na shoyu. Jihar Ostareliya ta Kudu ta haramta irin waɗannan kwalabe masu ƙasa da mililita 30 daga 1 ga Satumban 2025, ta bar leda. Yawancin manyan kantunan Japan leda suke sawa, wasu ma suna ajiye shoyu da wasabi da citta a kwando kusa da kanta, mai so ya ɗauka. Wannan ya fi kowace hanya, domin mafi yawan masu kai sushi gida suna da kwalbar shoyu a kicin. Inda ake sa ledojin a cikin mazubi, bai kamata su kwanta a kan abinci ba, tunda bayansu ya bi ta hannuwa da kwalaye. Gurbi na daban ko mannawa a bayan murfi ya fi tsabta.

Takardar bayani tana da matsala ɗaya da ta zama ruwan dare: wurin da ake manna ta. Idan ta hau tsakiyar murfi, aka ƙara mata takardar rangwame, an rufe kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ya zo dubawa. Wurinta gefe ne ko ƙasa. A kanta ake samun wa'adi, da sanyin ajiya, da abubuwan da ke tayar wa wasu da rashin lafiya, waɗanda dokar Japan ta wajabta ambata, irin su jatan lande da ƙaguwa da alkama da ƙwai da madara. Shoyu yana da alkama, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Musulmin da ke kiyaye abin da yake ci ya duba kalmomin みりん da 酒精, na farko giyar girki ce mai zaƙi da ke shiga ƙwai da miyar unagi da wasu haɗin shinkafa, na biyu barasa ce da ake ƙarawa don adanawa. Rubutun ƙanana ne, kuma idan takardar a ƙasa take sai a ɗaga mazubin sama a leƙa, kada a kife shi.

A hanyar gida ne raunin mazubin ke fitowa. Faɗinsa ya fi gindin yawancin jakunkuna, kuma tun da aka fara karɓar kuɗin leda a Japan a watan Yulin 2020 mutane suna zuwa da jakar yadi mai taushi wadda ba ta da shimfiɗaɗɗen gindi. Mazubin ya tsaya a gefe, komai ya zube. Abin yi shi ne a sa shi a saman kaya masu faɗi, ko a ware masa jaka, a ɗauki ƙanƙara daga akwatin da kantuna da yawa ke ajiyewa bayan wurin biya, a sa ta a gefe ko a sama, kada a ƙarƙashin shinkafa. A gida idan ba nan take za a ci ba, aljihun kayan lambu na firij ya fi dacewa saboda sanyinsa bai kai na sama ba, a fitar minti 10 zuwa 15 kafin ci. Kada a sa mazubin a na'urar ɗumama abinci, soson yana motsewa, murfin ya narke.

Bayan an ci, Japan tana da tsarin da ya cancanci yabo. Kamfanin FP, wanda ke Fukuyama a lardin Hiroshima, ya fara karɓar tsofaffin faranta a 1990, kuma yau akwai akwatunan tarawa a ƙofar dubban kantuna. Mai saye yana wanke farantin ya shanya ya dawo da shi, motar da ta kawo sababbi ta koma da tsofaffi, a tace su da hannu fari daban mai launi daban, a narkar a sake yin faranti. Yadda ake gane wanda za a karɓa shi ne a soka masa tsinken sakace, idan ya shige soso ne. Murafe garau suna da nasu akwatin a kantuna da yawa, bayan an ɓanɓare takarda, kuma a nan gam mai taurin kai yana sa mutane su haƙura su jefa a shara. Tsarin ya dogara ne kacokan ga mutanen da ke wankewa su dawo da shi. Abin da bai dawo ba, tare da ganyen roba da ledoji da salatif, yana bin sharar roba ta gari, kuma fiye da rabin sharar roba a Japan ƙona ta ake yi a samar da wuta ko zafi.

A Turai labarin ya bambanta. Tarayyar Turai ta hana mazubin abinci na soson polistirin daga 3 ga Yulin 2021, don haka gindin can na PET ne ko na kwali. Baƙin PET kuwa yana da cikas: baƙin launin da aka saba sawa yana shanye hasken da na'urar tace shara ke gane roba da shi, sai farantin ya wuce ba a gan shi ba ya tafi wurin ƙonawa. Wannan ya sa manyan kantunan Birtaniya suka koma gindi garau ko mai launin da na'ura ke gani. Harajin da Birtaniya ta sa a watan Afrilun 2022, fam 200 a lokacin a kan kowane tan na mazubin roba da bai kai kashi 30 na tsohuwar roba ba, ya ƙara tura su ga PET da aka sake sarrafawa.

Kwali da ɓawon rake da aka matse suna da kyan gani, amma sushi yana gwada su fiye da yawancin abinci. Shinkafa mai ruwan kal tana manne wa kwalin da ba a shafe ba ta taso da zarensa, ɓawon rake kuma yana zuƙe damshin shinkafar ta bushe daga ƙasa, shi kuma ya yi laushi a firij har murfin ya daina kamawa. Don a hana haka sai a shimfiɗa masa siririyar leda, ya koma abu biyu a manne, wanda masana'antar takarda ba kowace ke karɓa ba. An kuma daɗe ana sa wa wasu sinadaran PFAS don hana mai ratsawa. Denmak ta hana su a takardar abinci a 2020, sabuwar dokar Tarayyar Turai kuma ta sa musu iyaka daga Agustan 2026. Murfin PLA da ake yi da sitacin masara yana kama da PET a ido, amma ba ya ruɓewa sai a wurin takin masana'anta mai zafi, kuma idan ya shiga cikin PET yana ɓata shi. Kwali ba ya ɗaukar 'yan tudun nan da ke riƙe nigiri, don haka ya fi dacewa da maki da aka cusa dam.

Ga wanda zai zaɓi mazubi don kantinsa, inda akwai akwatin karɓar faranta irin na Japan, gindin soso mai gurbi da murfin PET ya fi kowanne riƙe ingancin shinkafa. Inda babu wannan tsarin, gindi da murfi duka na PET garau, ba baƙi ba, da takarda mai gam da ke fita a ruwa. Kafin a sayi kwali guda, a nemi samfuri a cika shi da ainihin abin da za a sayar, a rufe, a ɗora uku a kan juna a kanta na awa shida, sannan a duba rufin na ƙasa ko ya lotsa, a duba gumi, a duba kusurwoyi ko sun tsage inda mai ya taɓa. A ɗaga ɗaya ta murfi, a sa wani a jakar yadi a yi tafiyar minti 10 da shi, a kuma ba wani dattijo ya buɗe ba tare da an nuna masa kunnen ba.